JIYA MU NE RAJ, YAU MU NE IYAYEN RAJ

(Jawabin da wani ɗan ajin 1990 ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, a Gumel)



Da sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi jawabin bana, sai na tambaye shi a kan me. Ya ce in zaɓa da kaina, illa dai kada in taɓo maganar kuɗin ƙungiya da rufin ɗakin karatu, domin wannan aikin ma'aji ne. Na kwana biyu ina saƙawa ina kwancewa, daga ƙarshe na tsaya a kan wani fim ɗin Indiya. Na ga wasu daga cikin malamanmu sun gyara zama. Allah ya gafarta Malam, ban manta bulala shida da ka yi mini a kan wannan fim a shekarar 1989 ba, kuma na daɗe da sanin cewa ni ne da laifi. Abin da nake roƙo yau shi ne ka ba ni ɗan lokaci in faɗa maka abin da na gani a cikinsa, tunda a wancan karon ba a kai ga tambayata ba.

Daren wata Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, lokacin da motocin dabbobi ke ratsa gari har tsakar dare. Mu bakwai muka haura katanga bayan an kashe fitila. Huɗu daga cikinmu suna cikin wannan zaure yanzu haka, har da mai rawani, amma ranar taro ba ranar tonon asiri ba ce. Muka biya sule biyar-biyar, muka zauna a benci gaban wata 'yar ƙaramar talabijin, janareta na ruri a waje. Ba mai jin Indiyanci a cikinmu, sai mutum ɗaya da ya ce yana ji, shi ya zama tafinta, kuma sai daga baya na gane cewa rabin abin da ya fassara mana daga kansa ya fito. Da fim ya ƙare babu wanda ya yi magana har muka iso bakin katanga. Kowa na goge ido yana cewa hayaƙin janareta ne.

Sunan fim ɗin Qayamat Se Qayamat Tak. Ku saurari kalmar farko da kyau, ƙiyama ce, wannan dai da muka sani. Ma'anar sunan ita ce daga ƙiyama zuwa ƙiyama. Ya fito a ƙasar Indiya ranar 29 ga Afrilu, 1988. Mansoor Khan ne ya ba da umarni, mahaifinsa Nasir Hussain ya rubuta ya kuma ɗauki nauyi. Shi ne fim ɗin da ya fito da Aamir Khan da Juhi Chawla duniya ta san su, shi a matsayin Raj, ita a matsayin Rashmi. Anand da Milind suka yi kiɗa, Udit Narayan da Alka Yagnik suka rera waƙoƙin. Ya ci kyautar Filmfare ta fim mafi kyau da ta darakta mafi kyau.

Kafin in shiga labarin, ya kamata mu tambayi kanmu yadda aka yi yaran Lautai suka zubar da hawaye a kan mutanen da ba su taɓa gani ba, masu magana da harshen da ba su ji. Abin ya girme mu. Tun a shekarar 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, kuma tun shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya, suka tarar sun fi na Amurka da na Ingila karɓuwa a wurin Bahaushe. Yayyenmu sun kalle su a Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna cewa tsakanin 1977 da 2003 gidan talabijin na NTA Kano kaɗai ya nuna finafinan Indiya fiye da dubu. Dalilin wannan karɓuwa ba ɓoyayye ba ne. Mun ga mace da mayafi tana sunkuyar da kai gaban surukai, mun ga ɗa yana durƙusa wa uba, mun ga gida guda da kaka da baffa da gwaggo duk a ciki. Kunnenmu kuma yana tsintar kalmomin da mu da su muka aro daga Larabci, irin su duniya da addu'a da izza. Sai muka ɗauke su kamar wasu dangi da ke can nesa.

Ga labarin a taƙaice, domin waɗanda suka manta da waɗanda ba su haura katanga ba. A wani ƙauye mai suna Dhanakpur akwai wa da ƙane, Jaswant Singh da Dhanraj Singh, da ƙanwarsu Madhumati. Ratan, ɗan gidan wani mai dukiya da ƙasa, Raghuveer Singh, ya yaudare ta har ta sami ciki. Jaswant ya tafi gidansu da ladabi yana roƙon a rufa asiri a ɗaura aure. Suka musanta, suka wulaƙanta shi. Yarinya ta kashe kanta saboda baƙin ciki. Dhanraj ya tafi wurin bikin auren Ratan ya harbe shi, aka ɗaure shi shekara 14. Jaswant ya koma birnin Delhi, ya kama kasuwanci, ya riƙe 'ya'yan ƙanensa. Ranar da Dhanraj ya fito, ya laɓe a wurin bikin sallamar ɗalibai yana kallon ɗansa Raj na rera waƙar nan Papa Kehte Hain, wadda wasunmu suka rera a namu bikin ba tare da sun san abin da take cewa ba.

Daga nan sai ƙaddara ta haɗa Raj da Rashmi, 'yar Randhir Singh, wato ɗan'uwan wanda aka kashe. Suka so juna. Da iyaye suka ji, kowane ɓangare ya ce sai bayan ransa. Aka tsayar wa Rashmi wani mijin. Suka gudu suka fake a wani kango a kan dutse. Randhir ya yi hayar mai kisa ya kashe Raj, shi kuma ya je yana lallashin 'yarsa da cewa ya haƙura ta dawo gida. Harsashin da ya biya kuɗinsa 'yarsa ya samu. Raj ya soke kansa da wuƙar da ita ta ba shi kyauta. Iyaye suka iso a guje, suka tarar da gawa biyu.

A shekarar 1989 abin da muka gani shi ne Raj da Rashmi. Kowannenmu ya ɗauki kansa Raj, ko da kuwa ba shi da ko keke. Iyayen nan kuwa mun ɗauke su miyagu kawai, irin waɗanda ake sa wa a fim domin a sami wanda za a tsana. Bara ɗana ya sa mini fim ɗin a waya, na sake kallonsa ina da furfura. Jama'a, ban ga Raj ba sam. Idona yana kan iyayen tun daga farko har ƙarshe, kuma abin da ya tsorata ni shi ne na gane su. Na san irin zamansu, na san irin maganarsu, na san yadda suke cewa mutuncin gida alhali girman kansu suke nufi.

Abu uku na lura da su a wannan kallo na biyu. Na farko, masifar ba daga soyayyar Raj ta faro ba. Ta faro ne ranar da mai ƙaramin ƙarfi ya je ƙofar mai babban ƙarfi da buƙata ta gaskiya aka kore shi. Da Raghuveer ya ce ɗansa ya yi laifi a gyara, da babu fim. Na biyu, gidajen nan biyu asalinsu ɗaya, dukansu Thakur ne, 'yan ƙabilar Rajput, addininsu ɗaya, harshensu ɗaya. Abin da ya raba su dukiya ce da izza. Na uku, Raj da Rashmi ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Suna ƙanana aka yi abin. An ba su gabar ne gado, kamar yadda ake ba da gona.

Ko a wurin yin fim ɗin sai da uba da ɗa suka ja. Nasir Hussain ya so a ƙare da farin ciki domin kada 'yan kallo su guje shi, ɗansa Mansoor ya ce labari irin wannan ba shi da ƙarshe sai mutuwa. An ɗauki ƙarshen iri biyu, aka fitar da na ɗan. Shekara guda bayan haka, a 1989, Sooraj Barjatya ya fito da Maine Pyar Kiya, inda Salman Khan ɗan attajiri ya so 'yar makanike, aka ƙare da aure. Bambancin finafinan biyu ɗaya ne tak. A na biyun iyaye sun sauko tun 'ya'yansu na raye.

To mu dawo gida. Mu ba mu da tsarin ƙabilun gado irin na Indiya, muna yawan faɗin haka muna alfahari. Amma muna da karin maganar da ke cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe. Muna da tambayar nan ta ɗan gidan wa ye, wadda ake yi kafin a tambayi ko yana salla. Har yau akwai gidajen da ba sa ba mahauci, ba sa ba wanzami, ba sa ba makaɗi ko maƙeri, ko da yaron bai taɓa riƙe wuƙar fawa ko aska ba. Akwai gidajen da ake raɗa cewa kakan wane bawa ne, shekara fiye da ɗari da wucewar abin. Akwai kuma sabon akushi, wato kuɗi, wanda ya sa lefe da kayan ɗaki suka zama katangar da ta fi ta makarantarmu tsawo. Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990 a kan wannan ciwo, labarin Sumayya 'yar masu kuɗi da Muhammad talaka. Wasu sun ce kwaikwayon Indiya ne. Ni ina ganin mutane sun yi rububin littafin ne domin kowa ya san wata Sumayya a unguwarsu.

Ita kuwa gaba, mun fi kowa sanin inda take tsirowa a ƙasarmu. Iyakar gona ce, ko rabon gado, ko neman sarautar dagaci da wani ya samu wani ya rasa, ko ɓarnar dabbobi a damina, ko siyasa. Akwai gidajen da suka daina gaisawa tun zamanin NPN da PRP, jam'iyyun da soja suka rushe a ƙarshen 1983, amma gabar tana nan da ranta. 'Yan siyasar da aka yi faɗan dominsu sun sha shiryawa sun sha ɓatawa, sun aurar wa juna 'ya'ya. Mu da ke ƙasa mu ne muka riƙe.

Malamin tarihinmu, Allah ya jiƙansa, ya koya mana cewa a ƙarni na 19 Gumel ta yi shekaru tana yaƙi da Haɗeja, ta kuma sha hare-haren Damagaram. An kashe mutane, an kama bayi, an ƙone garuruwa. Yau fa? Tun ranar 27 ga Agusta, 1991 mu da Haɗeja jiharmu ɗaya ƙarama, muna aurayya, kuma duk ranar Alhamis mutanen Damagaram ne ke cika kasuwar Maigatari da raƙuma da shanu, muna cin abinci kwano ɗaya. Idan gabar da aka zubar da jini a cikinta ta mutu, ina dalilin da ta kan iyakar gona za ta ƙi mutuwa? Mun kuma ɗanɗana abin da gabar manya ke jawo wa na ƙasa. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar har zuwa Maris na 2024. Duk mai 'yan'uwa a Dungas ko Magarya ya san yadda zuwa biki da ta'aziyya ya zama wahala, ya san yadda kasuwa ta kwanta. Waɗanda suka rufe ƙofar ba su ne suka kwana da yunwa ba. Haka gabar gida take. Uba ke rufewa, 'ya'ya ke biya.

'Yan'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban zaɓi wannan magana don in yi wa kowa wa'azi ba, ni ne na fara faɗawa ramin. Shekara biyu da suka wuce wani yaro ya aiko neman 'yata ta biyu. Malamin firamare ne, yana kuma sayen riɗi da zoɓo yana kaiwa Maigatari. Da aka gaya mini gidansu, ban bari an ƙarasa ba na ce a'a. Dalilina biyu. Mahaifinsa mahauci ne, sa'an nan kakansa da mahaifina sun mutu ba sa ga maciji. Yarinya ba ta yi mini musu ba. Ta ce, "To Baba, Allah ya sa haka ya fi alheri." Daga ranar ta daina dariya a gidan. Uwarta ta yi magana na ce maganar maza ce.

Wata uku muna haka. Ran nan na je ƙauye gaida mahaifiyata, na ba ta labari ina jiran ta yaba mini da na riƙe mutuncin gida. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Kai wannan, ka san abin da ya haɗa su?" Na ce, "Inna, maganar gona ce dai." Ta ce wani gawo ne a kan iyaka, kowa ya ce nasa ne, saboda 'ya'yansa da ake ba dabbobi da rani. Ta ce gawon ya faɗi tun shekarar da aka yaye ƙanwata, an yi itace da shi, gidajen biyu duk sun dafa tuwo da shi. Ta ce kuma a lokacin yunwar 1973 mahaifin yaron nan, yana saurayi, shi ke kawo mata ƙashi da kayan ciki a ɓoye ba ya karɓar ko kwabo, kuma da romon nan na rayu. Ta ce, "Ka je ka ce wa ɗansa bai isa ba."

Na dawo gida ban iya cin abinci ba. A cikin makon ne ɗana ya sa mini fim ɗin da na gaya muku, ban sani ba ko da gangan ya yi. Da na ga Randhir yana lallashin 'yarsa da bakinsa alhali ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa, sai na ajiye wayar. Na sa aka yi binciken da ya kamata in yi tun farko, a makarantar da yake koyarwa, da masallacin unguwarsu, da wurin abokan cinikinsa. Ba wanda ya faɗi aibunsa. An ɗaura aure bayan sallar layya. Ba zan ce muku komai ya daidaita ba. Baffana bai zo ɗaurin auren ba, har yau in na gaishe shi da ƙyar yake amsawa, kuma ina ci gaba da zuwa. Amma 'yata ta dawo da dariyarta, kuma watan jiya na yi wa jikana huɗuba.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce a sakar wa yara ragama. Malamanmu da suka hana mu kallo suna da hujjarsu. Gudu daga gida ba hanya ba ce, kashe kai kuwa haramun ne, babu soyayyar da ta halatta shi, kuma fim ɗin ya yi wa wannan ƙarshe ado da kiɗa da faɗuwar rana wanda ba ya da shi a zahiri. So hana ganin laifi ne, shi ya sa aka ba yarinya waliyyi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma sai in babban ya duba. Ni ban duba ba, suna kawai na ji na yanke. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun ce abin lura a daidaiton ma'aurata shi ne addini da kuɓuta daga aibobin da ke hana zaman aure. Sana'ar kaka da faɗan kaka mu muka ƙara su. Uban da ya ƙi mashayi ko maƙaryaci ko mai dukan mata ya yi aikinsa, Allah ya saka masa. Wanda ya ƙi yaron kirki saboda gawon da ya faɗi, sai ya nemi wani suna ya sa wa abin da ya yi.

Don haka ina roƙonmu abu uku. Na ɗaya, duk wanda ya gaji wata gaba, ya je wurin tsofaffin gidansu tun suna raye ya tambayi asalinta. Mai yiwuwa ya tarar da abin da na tarar. Idan kuwa ya tarar da haƙƙi na gaske, to a zauna gaban dagaci ko limami a biya a yafe, kada a bar wa jikoki. Na biyu, idan an zo neman 'yarka, ka binciki yaron kafin ka binciki kakansa, kuma ka zauna da 'yar taka ka ji ta bakinta, domin shirun 'ya'yanmu mata ba kullum ne yake nufin yarda ba. Na uku, mu 'yan wannan ƙungiya mu zama masu shiga tsakani. A ɗakin kwananmu ɗan hakimi da ɗan maƙeri gado ɗaya suka hau, sama da ƙasa, garin kwaki ɗaya suka jiƙa, bulala ɗaya suka sha. Idan ka ji ɗan ajinku ya kafe a kan irin wannan magana, ka tafi gidansa ka tuna masa. Kai kaɗai ne za ka iya kiransa da sunan da muke kiransa a aji uku, ya yi dariya, sa'an nan ya saurare ka.

Allah ya gafarta Malam, wannan shi ne abin da na gani a fim ɗin, ko da yake sai da na shekara fiye da 30 kafin in gan shi. Muna godiya da tarbiyyar da kuka ba mu. Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu, ya shirya mana zuriya, ya ba 'ya'yanmu abokan zama nagari, ya kuma ba mu ikon gane su idan sun zo.